Mai Askin Masu Jiran Shari'a

A layin da ke bayan kotu, tsakanin mai gyaran agogo da mai kwafin takardu, akwai wani ɗan shago mai koriyar ƙofa, wanda in ka tsaya a tsakiyarsa ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango hagu da dama. Kujera ɗaya ce a ciki, ta ƙarfe, an yi ta sake mata fata har masu ɗinkin sun san ta. Sai bencin masu jira, sai madubin da ya tsage a kusurwa tun ranar da wata tirela ta biyo layin bisa kuskure ta girgiza kowa. Nan ne shagon Baba Sannu mai aski.

Ba sunan da iyayensa suka sa masa ba ne. Halinsa ne ya jawo masa. Ba ya ɗora aska a kan mutum sai ya dafa kan da tafin hannu ya ce masa sannu, kamar kan wani baƙo ne dabam da ya rako mai shi. Yara suka fara kiransa da sunan, iyayensu suka karɓa, har wata rana matarsa ta ji kanta tana faɗa, ta rufe baki tana dariya.

Shagon a buɗe yake kullum, ban da Laraba. Laraba ta gidan yari ce. Da hantsi zai naɗe askake da almakashi da ɗan madubi a jakar fata, ya rataya a kafaɗa, ya gangara ƙaramin gidan yarin da ke ƙarshen titi, inda ake ajiye masu jiran shari'a. Tun yana saurayi yake wannan tafiya, har gashin kansa ya yi masa sallama. Masu son sa sun sha gaya masa cewa buɗe shago ya fi masa riba, sai ya ce ya ji, ya ci gaba da ɗaure jakarsa. Da za ka ce ya zaɓa tsakanin shagon da Larabar, makullin shagon zai miƙo maka. To, wannan Larabar ce wani ƙudurin doka ya taso daga majalisar jiha zai raba shi da ita, kuma shi aka ce ya je gaban 'yan majalisa ya yi magana. Amma bari mu bi a hankali, don shi ma Baba ba ya son gaggawa.

Wurin kawunsa ya koyi sana'ar. Kawun mutum ne mai zafin rai da sanyin hannu. Ya daɗe yana sa shi wasa aska a fata da sharar gashi kafin ya bar shi ya taɓa kan mutum, kuma kan farko da ya taɓa na kawun ne da kansa, wanda ya zauna ya rufe ido ya ce in ya yanke shi ya tattara ya koma wurin uwarsa. Bai yanke shi ba. Kawun ne ke shiga gidan yari a da. Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, sai ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa jakar tare da gargaɗi guda: kada ya kuskura ya tambayi kowa abin da ya kawo shi, don kai aka kawo masa, ba laifi ba.

A wancan zamani akwai wata babbar bishiya a tsakar gidan yarin, da wani kututture a gindinta wanda zaman mutane ya goge har yana sheƙi. Tsohon sajan na lokacin yakan rataye rediyonsa a reshe, a kama labarai, a kama waƙa, mutane na layi suna musu a kan ƙwallo kamar a ƙofar gidajensu suke. In iska ta kaɗa, ganye da gashi su gauraya a ƙasa. Baba yakan ce bai taɓa yin aski mai kyau kamar na gindin bishiyar nan ba, don hasken wurin ba ya kashe ido kuma ba ya ɓoye komai. Daga baya aka sare ta aka gina ofis. Tun daga nan ya koma inuwar tankin ruwa, waɗanda ake yi wa askin suna zama a kan bokitin fenti da aka kifa. Har yau in ya shiga, sai ya kauce wa inda saiwar take, alhali siminti ne shimfiɗe a wurin.

Yana da tsarinsa. Duk wanda za a kai kotu washegari, shi ne farko, ko da ya zo a ƙarshen layi. Ya yi imani, kuma ba wanda ya iya raba shi da wannan, cewa alƙali ma mutum ne, idanu gare shi, kuma wanda ya tsaya gabansa da gyararriyar fuska ya riga ya faɗi rabin maganarsa. In ya gama, sai ya miƙa ɗan madubin nan da bai fi tafin hannu ba. A ciki babu madubi, saboda haka ranar Laraba ce kaɗai mutum ke haɗuwa da fuskarsa. Sababbin zuwa sukan karɓa su daɗe suna kallo, sai na baya sun yi musu ihu. Waɗanda suka daɗe kuwa sukan ture hannunsa su ce ya bar shi, sun yarda da aikinsa.

Ita kuwa hirarsa, ai sai mai haƙuri. Baba ba ya shiga magana ta ƙofa. In ka tambaye shi ko an yi ruwa a unguwarsu, zai fara da yadda rufin ɗakinsu yake a zamanin kakarsa, ya bi ta kan mai gyaran rufin da ya rasu, ya gaisa da 'ya'yan mamacin, kafin ya iso ga ruwan. Ya ce haka ake aski, daga gefe ake farawa. A gidan yari wannan hali ya yi masa rana, don mutanen wurin abin da suka fi shi a hannu shi ne lokaci.

A cikinsu akwai Direba. Tsohon direban babbar mota ne, mai faɗin kafaɗa da dariyar da ake ji daga ƙofar waje. Baba bai tambaye shi ba, shi ya faɗa da bakinsa tun zaman farko: birki ne ya tsinke masa a gangara, motar ta kutsa shagon mutane, wani ya ji mummunan rauni. Da aka bincika, inshorar motar ta daɗe da mutuwa, mai motar kuma ya shafa wa idonsa toka ya ce bai san zancen ba, daga baya ma ya bar garin. Aka kawo Direba aka ce ya jira. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe babu motar kai su kotu, jibi an canza mai gabatar da ƙara, sai an fara daga farko. Haka shekaru suka yi ta wucewa ta kansa.

Tsokana ce gaisuwarsu. Direba yakan ce haushin sanƙonsa ne ya sa Baba yake raba bayin Allah da gashinsu. Baba ya ce ai gara shi, bai taɓa ganin direban da ya faka mota ya manta yadda ake tashi ba sai a kansa. Kullum Direba ne ƙarshen layi, da gangan, don kada a hanzarta su. Da ya gano Baba bai taɓa yin tafiya mai nisa ba, sai ya ɗauke shi a motarsa da baki. Kowace Laraba su kama hanya daga inda suka tsaya: ga gada mai rawa, ga kwanar da ake rage gudu, ga matar da ke sayar da abinci a bakin hanya wadda ba ta yarda direba ya tashi bai ƙoshi ba. In aski ya ƙare, nan motar za ta kwana sai wani mako. Akwai ranar da Baba ya yi ta gyara sajen da ya riga ya gyaru, don kawai su fita daga wani daji kafin a tashi.

Labarin ƙudurin, Auta ce ta kawo shi gida. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, nas ce a ɗan asibitin ƙaramar hukuma. Ta biyo da la'asar ko farin kayan aikinta ba ta cire ba, ta zauna kusa da mahaifiyarta ta yi masa bayani. Ƙudurin guda ne, amma cikinsa kamar buhun mai ƙaura, babu abin da ba a cusa ba. Akwai batun wa zai riƙe ƙananan asibitoci, jiha ko ƙaramar hukuma. Akwai batun masu aski da duk masu sana'ar da ke taɓa fatar mutum, sai sun yi rajista, sun ajiye na'urar kashe ƙwayoyin cuta, sun shiga inshora. Sannan akwai sashen da ya ce duk wanda ya wuce wani wa'adi a tsare ba a yanke masa hukunci ba, dole alƙali ya duba zancensa nan take, ko a ba da belinsa ko a sallame shi.

Baba ya tafa hannu ya ce wannan ai maganar Direba ce aka rubuta, sunansa kawai aka manta. Auta ta sunkuyar da kai. Mahaifiyarta ta ce ta gaya masa sauran mana. Sauran shi ne, ba za a ƙara barin wani ya shiga gidan yari da aska daga waje ba. Ma'aikacin lafiyar gidan ne zai riƙa yi, da inji.

Ransa ya ɓaci. Ya ce shi da yake tafasa askakensa tun ba a haife ta ba? Shi da ya koma sabuwar reza ga kowane kai ranar da ita da bakinta ta ce ya koma? A kawo mutum ɗaya da ya kwashi ko makero ne daga hannunsa.

Auta ta ce, "Baba, doka ba ta san ka ba. Aska kawai ta sani."

Ya ce to dokar ta zo ta gaishe shi su san juna. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar su da abincin da ko taɓawa bai yi ba.

Ba a daɗe ba Ciyaman ya zo shago. Shi ne shugaban ƙungiyar masu aski na garin, mai babban shago da talabijin a kowane bango, wanda ya kai shekarun furfura amma baƙin shafawa bai bar ta ta fito ba. Ya zauna a benci ya yi ta Babanmu, Babanmu. Ya ce majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ƙungiya ta yanke shawarar ba ta yarda da ƙudurin ba, don rajista da na'ura da inshora za su rufe shagunan ƙanana. Ya ce su in suka yi magana za a ce son kai ne, amma in tsoho kamar Baba ya miƙe, wanda za a kora daga aikin da ya gada, dole zukata su yi sanyi. Baba ya tambaya ko ana iya cire sashe ɗaya a bar wani. Ciyaman ya ce shi dai abin da ya sani, in ka ce a gyara sai su ce ka yarda, saboda haka a ce ba a so kawai, a huta. Baba ya daɗe yana goge almakashin da babu komai a jikinsa. Daga ƙarshe ya ce zai je.

Larabar da ta zo kafin tafiyar, ya tarar labari ya riga shi shiga. A gidan yari magana ba ta neman izini a ƙofa. Layin askin ya yi tsawo fiye da kullum, har da waɗanda gashinsu bai isa aski ba, kowa yana so a gyara shi ko Allah zai sa a kira shi. Wani ya ce ya ji an ce mako mai zuwa za a buɗe ƙofa. Wani ya ce ƙarya ne, sai gwamna ya sa hannu. Baba ya yi ta aiki, bakinsa a rufe, har wani ya tambaya ko haƙori ke damunsa.

Direba ya zo ƙarshe kamar yadda ya saba. Ranar ba a tayar da mota ba. Ya zauna aka ɗaura masa ƙyalle, sai da aka gama gefe guda sannan ya ce ya ji an ce Baba zai je majalisa, kuma ya ji ɓangaren da zai tsaya. Askar ta tsaya a hannun Baba. Direba ya yi dariya ya ce ya ci gaba, kada ya bar shi da rabin kai kamar gonar da aka yi rigima a kanta.

"Ka je ka faɗi naka, Tsoho. Kowa da abin da ya dame shi. Ni dai ka sa hula mai kyau, kada hasken sanƙon nan ya hana su karatu."

Da aka gama, sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi madubin. Rabonsa da karɓa har Baba ya manta. Ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ce ashe haka ya koma ba wanda ya gaya masa. Ya ce 'yarsa da ya bari tana rarrafe yanzu an ce tana makaranta, a ɗan rage masa gemun, kada in ta gan shi ta ɗauka kakanta ne. Baba ya rage. Ya tattara kayansa ya fita ba tare da tsokanar sallama ba.

Ranar tafiya matarsa ta goge masa rigar da yake ajiyewa don manyan taruka. Tana miƙa masa ta ce, Baban Auta, don Allah in ka je ka shiga magana kai tsaye, in ka fara irin taka sai majalisar ta tashi ba ka fito daga gidan kawunka ba. Ya ce ita dai ta ji da girkinta, ya san abin da yake yi. Ciyaman ya ɗauki hayar bas, suka cika ta da masu aski, ƙamshin turare kala-kala har direban ya sauke gilashi.

Zauren majalisar sanyi gare shi kamar cikin firji. 'Yan kwamiti suna zaune a sama bayan dogon tebur, shugabarsu a tsakiya, mace mai tabarau da ɗan ƙararrawa a gabanta. Kowa 'yan mintoci ake ba shi, in ta buga ƙararrawar ka zauna. Wani mai kwat daga kamfanin inshora ya yi magana, shugabannin ƙananan hukumomi suka yi kukan ana ƙwace musu asibitoci, wata lauya ta yi bayanin mutanen da ke tsufa a tsare ba hukunci. Baba ya saurare ta har ya manta da sanyin. Sannan aka kira wakilin masu aski.

Ya miƙe, ya gyara hula, ya je gaban lasifika. Ya gaida shugaba. Ya gaida na damanta, ya gaida na hagunta, ya tambaye su gajiya da iyali da yadda suka baro mutanen gida, ya kuma jira kowa ya amsa. Ciyaman ya fara motsi a kujera. Baba ya ce kafin a fahimci maganarsa sai an san kawunsa. Ya kawo kawun, ya kawo zafin ransa, ya kawo ciwon gwiwar. Ya shiga gidan yari ya tsaya a gindin bishiyar nan, yana cikin bayanin rediyon tsohon sajan ke nan ƙararrawa ta buga.

Zauren ya ɗauki dariya. Shugabar ba ta yi ba, ko da yake ta cire tabaranta ta goge ido. Ta ce, "Baba, labarin ya yi daɗi, amma lokaci ya ƙare, kuma ba mu san me za mu rubuta ba. Kana goyon bayan ƙudurin nan, ko ba ka goyon baya?"

Ya ce, ranki ya daɗe, ko ana iya wucewa da sashen masu jira a bar masa Larabarsa? Ta ce gyare-gyare sai kwamiti ya zauna, kuma ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ta da tabbas ba. Ta ce gaskiyar ita ce, in masu cewa ba sa so suka yi yawa, ƙudurin duka za a mayar aljihun tebur, sai wata shekarar in da rabo. Yau dai amsa ɗaya ake so.

Baba ya waiga. Ga Ciyaman yana girgiza masa kai yana nuna masa amsar, ga 'yan ƙungiya sun zuba masa ido. Shi kuwa abin da ya faɗo masa a rai ƙyallen askinsa ne. Ranar da ya fara ɗaura wa Direba shi, gashin da ya zubo baƙi ne wuluk. Shekaran jiya da ya kakkaɓe, farin ya fi yawa. Duk a gaban idonsa aka yi, mako bayan mako, shi yana jin daɗin hira.

Ya matso da bakinsa kusa da lasifikar ya ce, "Ku wuce da shi." Ya juya zai tafi, sai ya dawo. "Amma ku yi sauri."

A hanyar dawowa ba wanda ya zauna kusa da shi. Ciyaman ya koma gaba kusa da direban bas ɗin ya kafe idonsa a titi. Washegari ya bi shaguna yana cewa sanyin zauren ne ya rikita tsohon, ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Baba ya ji, bai musa ba. A gida matarsa ta kawo masa ruwa ta zauna, ba ta ce na gaya maka ba, ko da yake an ga maganar tana yawo a bakinta. Auta ta zo ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya zata. Shugaban gidan yarin mutum ne mai son a gan shi a gaba. Tun ƙudurin bai zama doka ba ya sayo injin aski, ya ba ma'aikacin lafiyarsu, ya ba da umarni a ƙofa. Wata Laraba Baba ya iso da jakarsa, Sajan mai tsaron ƙofa, wanda shekara da shekaru shi ke duba masa kaya in zai shiga da in zai fita, ya tare shi yana kallon ƙasa. Ya ce Baba ya yi haƙuri, daga sama ne. Ita kuwa majalisa ta tafi hutu da ƙudurin a hannunta. Sashen da ya kori Baba ya iso a guje, wanda zai fitar da Direba ko takalmi bai sa ba.

Ya gwada buɗe shago ranar Laraba. Ba wanda ya zo, don duk garin ya san ba a samun sa a ranar. Ya share ƙasa, ya sake sharewa. Ya wasa askar da ba ya aiki da ita. Mai gyaran agogo ya leƙo ya ce shi fa ganin ƙofar nan a buɗe yau ya rikita masa kwanaki. Da azahar Baba ya kulle ya koma gida ya zauna a tsakar gida yana bin matarsa da ido, tana shiga yana kallo, tana fita yana kallo. Da abin ya ishe ta, ta ce masa ai aska aka hana, ba a hana ƙafa ba. Gidan yarin ba shi da ranar ziyara ne?

Ranar ziyarar ya bi layi cikin mata masu kulolin abinci da tsofaffi masu ledar sabulu. Kafaɗarsa sai karkacewa take yi, tana neman nauyin jakar. Da ya iso ƙofa, Sajan ya gyara murya ya yi masa tambayar da ake yi wa kowa: wa ya zo gani, kuma mene ne shi a wurinsa, don dangi ake bari. Baba ya ce wurin Direba ya zo.

Ya ƙara da cewa, "Ni yayansa ne."

Sajan ya dube shi, ya dubi layin, ya ce lallai akwai kama, ya matsa masa.

Ɗakin ziyarar dogon tebur ne, kujeru ta nan, kujeru ta can. Aka kawo Direba ya zauna suna fuskantar juna. Suka gaisa. Suka sake gaisawa. Baba ya tambayi lafiya, Direba ya tambayi mutanen gida, sai magana ta ƙare. A gefensu wata uwa tana ta yi wa ɗanta faɗa, wasu miji da mata suna raɗa, su kuwa sun zauna kamar waɗanda aka haɗa a tashar mota. Baba ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Ya ɗora su a tebur, ya sauke, ya cusa a aljihu. Direba ya kalli rufi. A duk shekarun nan ba su taɓa zama ido cikin ido ba, ashe abin da wuya.

Sai Direba ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa ya juya ta, ya zauna ya ba Baba baya. Gandiroban da ke tsaye ya taso yana cewa ba haka ake zama ba, Sajan ya ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa ya ce ya ƙyale su.

Baba ya miƙe tsaye. Ga ƙeyar a gabansa, inji ya bi ta a karkace, gefe ɗaya ya haura, ɗayan an bar masa tsibiri. Ya miƙa hannu ta saman teburin ya sa babban yatsa ya karkata kan zuwa haske.

"Wane mara imanin ne ya yi maka wannan ɓarnar?"

Kafaɗun Direba suka fara rawa don dariya. Ya ce a bar yaron mutane, ma'aikacin lafiya ne, allura ya iya, kuma ko ba komai shi yana da gashi a kansa. Ya ce yanzu a bar wannan, a gaya masa gaskiya, wai da gaske ne Baba ya sa 'yan majalisa sun amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan firamare? Baba ya ce ƙarya ake masa, akwai guda da bai amsa ba, kuma ya riƙe fuskarsa. Daga nan baki ya buɗe. Direba ya ce lauyar nan ta aiko an ɗauki sunayensu, ta ce da majalisa ta dawo za a sake taso da zancen. Baba ya ce to ya daure kada ya bari a ƙara taɓa masa sajen, ranar da aka sallame shi ya biyo ta shago kafin ya nufi gida. Suna cikin musun ko gemun za a sauke gaba ɗaya ko a bar kaɗan, aka buga ƙarfen tashi, masu kuloli suka fara tattara kayansu, su kuwa ko rabin musun ba su kai ba.